Aljani ne ko ciwo? Abin da 'yan kallo suka ce da ƙaramin fim ɗinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni mutumin Fagge ne, a nan aka yanke mini cibiya, kuma tun ina ɗan yaro a harkar fim Allah Ya ajiye abincina. Ban taɓa tsayawa gaban kyamara ba, babu wanda zai gan ni a hanya ya nuna ni da yatsa. Aikina in miƙa wa mutum fim, in karɓi kuɗi, washegari ya dawo ya zazzage mini ra'ayinsa ko na tambaya ko ban tambaya ba. Shekara da shekaru ina jin yabo da zagi a kan aikin wasu. Sai Allah Ya kawo lokacin da fim ɗin da nake miƙawa ya zama da hannuna a ciki, labarin ma daga cikin gidanmu ya fito. Abin da kunnena ya jiyo a lokacin shi nake so in faɗa, domin har yau akwai masu cewa 'yan kallonmu ba za su iya zama su kalli fim mai wasa da ƙwaƙwalwa ba, ni kuwa na ga akasin haka da idona.

Yayyenmu maza sun yi zamanin silima, su Wapa da Plaza da Eldorado, inda ake cika maƙil ana kallon Indiya da Canis. Mu zamanin kaset muka tarar. Ina gama firamare Baba, Allah Ya jiƙansa, ya kama hannuna ya kai ni wurin wani Alhaji mai sarin kaset a kasuwar Ƙofar Wambai. Lokacin harkar tana tashe. A 1999 wata mujalla a Kano ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood, a 2001 kuma gwamnatin jiha ta kafa hukumar tace fina-finai. Ni dai nawa liƙa fosta, jera kwalaye, da ɗaure kayan da za a kai tasha, na Sakkwato daban, na Maiduguri daban, na Maraɗi da Damagaram daban. Idan furodusa ya kawo sabon fim, Alhaji ba ya ma sa shi a bidiyo. Fostar zai ɗaga ya ƙirga fuskokin da ya sani, sannan ya yi tambaya ɗaya: "Waƙa nawa ce a ciki?" Daga amsar yake yanke kwafi nawa zai ɗauka. Ba na raina masa ko kaɗan, domin da wannan lissafin ya gina gida ya aurar da 'ya'ya, kuma da wuya lissafin ya ba shi kunya.

Kaset ya wuce, faifan CD ya zo, shi ma masu satar fasaha da memori suka kai shi ƙasa. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, mutane suka koma talabijin da waya. Na haɗa ɗan abin da nake da shi na sayi tsohuwar laftof, na kama shago a unguwa, na zama ɗan dawunlodin: ka kawo waya ko memori, in tura maka fim a naira 50. A wannan shagon na san ɗan kallo sosai. Kafin fim ya gama shiga waya mutum yana zaune a benci, kuma ba zai zauna shiru ba. Matan aure ba sa zuwa, yara suke aikowa da memori a naɗe cikin takarda, an rubuta sunayen abin da ake so, wani lokaci har da ƙorafi a ƙasa kan wanda aka tura jiya.

Yanzu bari in koma baya, in faɗi abin da ba a cika faɗa a gidanmu ba.

Yayata mace, wadda nake bi, ta dawo gida wankan jego a haihuwarta ta fari kamar yadda aka saba. Ta sauka lafiya, ana ta shigowa barka. Tun kafin ranar suna barci ya ƙaurace mata. Inna ta ɗauka zafin ruwan wanka ne da kukan jariri. Bayan suna ta fara cewa an musanya mata ɗa, wannan ba nata ba ne. Ta ƙi shan kunun kanwa, wai an zuba wani abu a ciki. Ta ce da tsakar dare ana daka a bayan ɗakinta.

Wani dare na fito zan zaga, na same ta zaune a bakin ƙofa ba ɗankwali. Ta cafke wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce, "Auta, tsaya. Kai ma ba ka ji ba?" Na kasa kunne. Wallahi daga can nesa na ji saukar taɓarya, dum, dum, sannan shiru. Unguwarmu akwai masu koko da ƙosai da ke tashi tun kafin kiran assalatu. Na ce, "Na ji, Yaya, masu koko ne." Ta girgiza kai, ta ce, "Masu koko ba sa kiran sunana."

Dangi suka taru, kowa da nasa. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce jifa ne daga dangin miji. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka yi ruƙiyya. Daga baya aka kai ta wurin wani mai magani a ƙauye, aka dawo mana da ita da shatar igiya a ƙafa. Ana cikin haka mijin ya aiko da takarda. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta yi ta bin Inna tana cewa a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Baba ya daɗe yana turjewa, don a ganinsa duk wadda ta taka wannan ƙofar ta samu sunan da ba zai goge ba. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya haƙura. Aka ɗora ta a kan magani, ta yi barci, bayan 'yan makonni da bakinta ta ce a kawo mata ɗanta. Yau Yaya tana ɗakin wani mijin, tana da keken ɗinki da yara, kuma duk haihuwar da ta yi daga baya likitoci suna sa mata ido. A gida kuwa idan za a ambaci wannan shekarar sai dai a ce "lokacin da Yaya ba ta da lafiya," a wuce.

Ni wannan daren ne bai bar ni ba. Dakan gaske ne, ni ma na ji shi. Kiran sunan kuwa ita kaɗai ta ji. To mutumin da rabin abin da yake faɗa gaskiya ne, rabi kuma ciwo, wa zai zauna ya rarrabe masa?

A 2019 wani abokina da ya gaji da ɗaukar wa wasu kyamara a Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano, ya ce mu yi namu. Na nuna masa abin da na daɗe ina rubutawa a littafin makaranta. Kafin mu ɗaga ƙafa na je wurin Yaya na nemi izini. Ta yi shiru tana juya bakin zare, sannan ta ce, "Ka yi, Auta. Amma kada a shafa wa yarinyar farar hoda, kada a ja mata ido da ja. Ni ban zama dodo ba."

Kuɗin fim ɗin kwasar adashena ne da babur ɗina da na sayar, sai abin da abokina ya ranto. Babu sanannen jarumi ko ɗaya, 'yan wasan daɓe ne na wata ƙungiyar matasa. Babu waƙa, domin waƙa ɗaya tana cin kuɗin mawaƙi da situdiyo da ɗinki da lokeshan, mu kuwa ba mu da na ɗaya daga ciki. Kawuna ya ba mu aron gidansa da bai gama ginawa ba a bayan gari, ko filasta babu. Janareta yana ɓata sauti, saboda haka yawancin sin na dare da fitilun caji muka ɗauka. Jariri kuwa ɗan tsana ne a naɗe cikin zani, sai idan za a nuna fuska mu roƙi wata maƙwabciya ta kawo nata, ta zauna a bayan kyamara tana jira. Dakan da ake ji a fim ɗin turmin Inna ne. Na sa ta daka gero a tsakar gida da sassafe, na ɗauka da waya daga cikin ɗaki ƙofa a rufe, don ya fito kamar daga nesa. Ba ta tambaye ni na mene ne ba, ni ma ban faɗa ba, amma ta sani.

Labarin ba shi da yawa. Mai jego ce, mijinta direban babbar mota tsakanin Kano da Legas, sun tare a sabon gida inda maƙwabta ke nesa. Daga ita sai jariri sai gwaggon mijin da ke yi mata wanka. Kaya suka fara canza wuri: hular jariri a cikin tukunya, gishiri a gwangwanin sukari, ƙofar da ta kulle da hannunta a wayi gari a buɗe. Da dare kuma daka. Dokar da muka kafa wa kanmu ita ce kyamara ba za ta rabu da matar ba, duk abin da ba ta gani ba ɗan kallo ma ba zai gani ba. Akwai malamin da ya zo ya yi ruƙiyya, da ya gama ya ce wa mijin a ci gaba da addu'a amma a kai ta asibiti. Aka kai ta, ta samu sauƙi, ta dawo. A sin na ƙarshe gwaggo ta sunkuya za ta ɗauki jaririn, sai ɗan makulli ya faɗo daga haɓar zaninta, makullin ɗakin da ta sha rantsuwa ba ta da shi. Kyamara ta tsaya a fuskar mai jegon, hoto ya ɗauke.

Muka kai hukumar tacewa, ya wuce. Na kai wa Alhaji don girmamawa. Ya ɗaga fostar, babu fuskar da ya sani. Ya ce, "Waƙa nawa?" Na ce, "Babu, ranka ya daɗe." Ya miƙo mini ita, ya ce, "Ɗana, Allah Ya mayar maka da babur ɗinka."

Mun fara nuna shi ne a zauren wata makaranta da muka kama haya. Ba a yi nisa ba samari daga baya suka fara fito, ana "A saka waƙa!" Wasu suka tashi suka fita suna tsaki. Waɗanda suka rage kuwa, tun daga inda aka fara jin dakan zauren ya yi tsit, har kukan wayar wani ya sa aka juyo ana hararar sa. Da makullin ya faɗo, wata mata daga ɓangaren mata ta dafe ƙirji ta ce da ƙarfi, "La'ilaha illallahu, tsohuwar nan!" Wani daga gaba ya amsa mata, "Hajiya, wa ya ce miki makullin na gaske ne? Ciwon ne ya dawo." Aka kunna fitila, mai gadi yana son rufe ƙofa, mutane sun tsaya cirko-cirko suna musu.

A shago abin ya ɗauki wani salo. Yaro zai dawo da waya ya ce, "Oga, fim ɗin nan bai gama shiga ba, ya yanke." In ce nan ne ƙarshensa. Ya ce to a tura masa na biyu, don an saba fim ɗinmu na ɗaya da na biyu ne. In ce babu na biyu. Wasu suka ce a ba su kuɗinsu, nakan tura musu wani kyauta mu rabu lafiya. Da yawa sun ce ba ya sauri, wasu sun ce duhu ya yi yawa, a ƙaramar waya da rana ba ka ganin komai sai fuskarka a gilashi. Wannan gaskiya suka faɗa, kuma talauci ne ya jawo.

Amma musun da aka fara a zauren nan ya biyo mu har teburin mai shayin bakin layinmu, ya kwana ya wuni. Wani tela ya kafe cewa mutanen ɓoye ne: gida sabo a bayan gari, an tare ba a yi saukar Alƙur'ani ba, ga mai jego ita kaɗai da magariba, me ake jira? Wani ɗan adaidaita sahu ya ce babu wani aljani, makircin tsohuwa ne, tana so a saki yarinyar a auro 'yarta, har ya tuna wa mutane wani sin da gwaggo ta ambaci wata 'yarta da ke gida ba miji, maganar da ni kaina na sa ta ne kawai don cike hira. Wani ɗalibin makarantar kiwon lafiya ya ce ciwo ne tsantsa, shaidarsa ita ce tun kafin komai ya canza wuri matar ta daina barci. Telan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai ka rubuta, raba mana gardama." Na ce abin da na rubuta shi suka gani, ban ɓoye wani shafi a aljihu ba. Ya ce to na cuce su.

Ni kuwa a raina daɗi nake ji, kuma har yau ina jin sa. Waɗannan maza ne da idan matansu suka haihu, iyakarsu ragon suna da itacen wanka. Ga su sun raba dare suna tattauna kwana nawa mai jego za ta yi ba barci kafin a ce akwai matsala. Da mun nuna aljani ya fito daga bango, da sun yi dariya sun watse. Da mun sa likita ya tsaya ya yi dogon bayani, da sun ce wa'azin asibiti ne. Da muka bar su a inda aka bar ni a wancan daren, sai kowa ya shiga lalubo abin da ya sani a gidansu.

Wani malami da nake bin sa salla ya kira ni gefe bayan isha'i. Ya ce ya ji ana cewa mun yi fim muna ƙaryata aljanu. Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, wa zai ƙaryata abin da Allah Ya saukar da sura guda da sunansa? Ku kalla da kanku." Na tura masa. Da muka sake haɗuwa ya ce bai ga ƙaryatawa ba, kuma maganar malamin cikin fim daidai ce, domin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani. Amma ya ce bai ji daɗin yadda aka nuna sauƙi ya zo bayan asibiti kawai ba, kamar addu'ar da aka yi a baya ba ta da rabo a ciki. Na ce ni a wurina addu'ar ce ta buɗe hanyar asibitin. Ya ce to da mun sa wani ya faɗi hakan a fili. A nan muka tsaya, kowa da ganinsa, kuma har gobe ina bin sa salla.

Mata su ne suka ɗauki fim ɗin suka yi nisa da shi. Sunan da muka sa masa ma bai kama bakinsu ba, takardun da yara ke kawowa "fim ɗin mai jego" ake rubutawa. Wata rana wata tsohuwar ungozoma ta zo da ƙafarta, tana dogara sanda, abin da ban taɓa gani a shagon ba. Ta zauna a benci ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai fim ɗin?" Na ce, "Ni ne, Iya." Ta ce jikokinta suka nuna mata. Ta ce a tsawon aikinta ta ga irin wannan yarinyar ba ɗaya ba, a da sukan ce jinin haihuwa ne ya hau mata kai. Ta ce abin da ya sa ta taso shi ne sin ɗin da matar ta ajiye jaririn a tsakiyar gado, ta koma lungu ta zauna tana kallon sa daga nesa, tana son ɗauka tana tsoro. "Haka suke yi," in ji ta. "Wa ya gaya maka?" Na ce na gani ne a gida. Ta ce, "Allah Ya ba ta lafiya mai ɗorewa," ba ta ƙara tambaya ba.

Suka mafi nauyi daga maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta zo, wadda ta ceci Yaya. Ta yaba, sannan ta ce makullin nan bai kamata ya faɗo ba. Ta ce wannan ciwo yana samun kamar mace 1 zuwa 2 a cikin 1,000 da suka haihu, yawanci a makonni biyun farko, kuma ya bambanta da 'yar damuwa da kukan da mata da yawa kan yi bayan haihuwa su wuce. Na gaggawa ne, don uwa da jariri duka suna cikin haɗari, amma yana jin magani. Ta ce likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200, saboda haka kafin mace ta isa hannunsu sai an sha fama da dangi. "Kai kuma ka zo a minti na ƙarshe ka miƙa wa dangin hujja. Gobe za su ce ai ga shi ko a fim ma makirci ne."

Maganar ta shige ni, na kwana ina juya ta. Abokina darakta ya goyi bayanta, ya ce mu yanke sin ɗin kafin mu ɗora a intanet. Na ƙi, kuma har yanzu ina kan bakana. Dalilina shi ne abin da na gani a kan Yaya. Daga ranar da aka ce ba ta da hankali, babu maganarta da aka sake ɗauka. Ta ce mai maganin ƙauye yana dukan ta, aka ce ciwo ne, sai da aka ga shatar. Ta ce an kwashe mata kayan ɗaki, aka ce ciwo ne, daga baya ya tabbata. Mara lafiya ma ana zaluntar sa, hasali ma shi ya fi sauƙin zalunta, tunda an riga an kashe masa baki. Ina so ɗan kallo ya riƙe biyun a lokaci guda: a kai ta asibiti, kuma a saurare ta. Ma'aikaciyar jinyar ta ce mutane ba za su iya riƙe biyun ba. Ni na ce za su iya, don na ji ɗan adaidaitan nan da bakinsa, bayan duk kafewarsa a kan gwaggo, yana cewa, "Ko da tsohuwar ce, yarinyar dai tana bukatar likita."

Muna cikin wannan ne labarin Rigasa ya fito, a watan Satumba na 2019, inda 'yan sanda a Kaduna suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari, wasu da sarƙa a ƙafa. Bayan 'yan makonni aka sake samun irinsa a Daura. Sai hirar teburin mai shayi ta sauya, aka koma maganar ina ake kai mutum idan kansa ya juye, kuma wa ke bin sawu ya ga abin da ake yi masa a can. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 sai a watan Janairu na 2023 aka sa mata hannu.

Da korona ta zo aka kulle Kano a watan Afrilu na 2020, shago a rufe, muka ɗora fim ɗin a YouTube da makullinsa, da lambar wayata a ƙarshe kamar yadda ake yi. Mutane suna zaune a gida, kira ya fara shigowa, har daga Damagaram da Kumasi. Wasu zagi ne, wai mun ɓata musu data a kan fim mara ƙarshe. Wasu so suke in rantse musu in faɗi gaskiyar makullin. Wani dare wani bawan Allah ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Malam, kai likita ne?" Na ce a'a, mai tura fim ne. Ya ce matarsa ta haihu, an yi suna, ta daina barci, tana cewa ana leƙo ta ta taga, ƙanwarsa ce ta tura masa fim ɗin ta ce ya kalla. Na ce masa kada a bar ta ita kaɗai da jaririn ko na ɗan lokaci, kuma gari na wayewa ya nufi asibiti da ita, ya faɗa musu komai ba kunya. Ya ce mahaifiyarsa ba za ta yarda ba. Na ce ya ba ta wayar ta kalla ita ma. Bayan sallah ya sake kira, ya ce suna karɓar magani, da sauƙi, tsohuwar kuma har yanzu tana cewa iska ce amma ita ke tuna mata lokacin shan ƙwaya.

Kuɗi dai ba su dawo ba, babur ɗin ma sai daga baya na sayi wani da kuɗin shago. Na haɗu da Alhaji a wurin wani ɗaurin aure, ya ce matansa sun hana shi sakat da gardamar makulli, uwargida tana ɓangaren ciwo, amarya tana ɓangaren gwaggo. Na ce, "To Alhaji, da yanzu ne za ku saya?" Ya ce a'a, fim ɗin da ake musu a kansa daban, wanda ake saye daban. Wataƙila a kasuwarsa haka ne. Ni abin da na sani, waɗanda aka ce ba za su gane ba sun gane har sun hango abin da ni marubucin ban lura da shi ba.

Yaya ce ta ƙarshen kallo a gidanmu. Ta daɗe da shi a waya ba ta buɗe ba. Ranar da ta kalla ta aiko a kira ni. Na same ta a kan keke, ta ce yarinyar ta iya wasa, kuma ta gode da ba a shafa mata hoda ba. Na tambaye ta makullin fa, na gaske ne ko ciwo? Ta ce wannan bai dame ta ba, ita inda muka tsaya ne bai yi mata ba. "Kun tsaya a ranar da ta dawo gida, Auta. Ai daga nan ne abin yake farawa. Ranar da za ki shiga gidan biki a janye yara daga kusa da ke. Ranar da za ki yi fushi na gaskiya a ce ciwon ne ya motsa. Ranar da mai neman aurenki zai ji labari ya ɗauke ƙafa." Ta ce idan da gaske muke mu yi wannan, kuma wannan karon ita za ta faɗa ni in rubuta. Duk Juma'a bayan la'asar nake zuwa da littafina, mun kai inda aka aiko da takardar saki, kuma ta riga ta gindaya mini sharaɗi cewa nata fim ɗin sai an nuna ƙarshensa a fili.